Faɗi Uku da Ɗan Saura

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Inna ta warware har ta koma faɗa da kowa, Auta kuma ya fara tafiya, ba abin da ke tsira daga hannunsa.

Yaya, albishir zan yi miki. Kin san na shiga makarantar manya, kuma lissafi ne dodona. To rannan malamarmu ta ce kowa ta zo da abu mai da'ira daga gida. Na ɗauki murfin tukunya, wata ta kawo faranti, wata kuwa tayar keken mijinta ta gangaro da ita har cikin aji, muka yi ta dariya. Malama ta sa muka zagaye bakin kowanne da zare, sannan muka gwada zaren a kan faɗinsa ta tsakiya. Murfina ya ba da faɗi uku da ɗan saura. Farantin haka, tayar ma haka! Na ce ko zaren ne ke mana wasa. Malama ta ce a'a, kowace da'ira, babba ko ƙarama, kewayenta ya ninka faɗinta sau uku da kusan ɗaya bisa bakwai. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Ana nan sai wani mai gidan abinci ya kawo min ɗinkin mayafan teburansa masu da'ira, da leshin da za a bi bakinsu da shi. Ya ce irinsa ya ƙare a kasuwa, in na ɓata shi ke nan, in ya yi kyau kuwa ni zan riƙa yi musu ɗinki. Da can da ido nake yanka, ko ya gaza ko na yi ɓarna. Wannan karon na auna faɗi, na ninka, na ƙara ɗan abin haɗa baki, na yi bisimilla na sa almakashi. Yaya, baki ya haɗu da baki cif! Ihun da na yi, har maƙwabciya ta leƙo, ta zaci allurar keken ɗinki ce ta soke ni. Aikin dai ya zama nawa.

Yanzu baban yara ɓoye hularsa yake yi, wai tunda na gama auna bokiti da kofuna, ya san kansa ne na gaba.

Ki gaishe min da Kawu da Goggo, ki shafa min kan 'yan biyu. Inna na sa miki albarka.

Ƙanwarki mai kewarki,
Tela