Na bar 'yarmu a Tamawa, na yi wa uwata da matata ƙarya

Assalamu alaikum Malam mai kula da wannan fili, da dukan masu karatu, har da waɗanda ake karanta wa a gindin bishiya ko a ajin yaƙi da jahilci. Ina gaishe ku gaisuwa mai yawa. Roƙona na farko, kada a sa sunana, su ma sunayen da zan ambata duk na sauya su. Na biyu, don Allah kada a yi saurin tsine mini. Wanda ya ga zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe, zai tarar na riga shi zagin kaina.

Mu Fulani ne na wajen Tamawa a ƙasar Kurfi, irin waɗanda suka daɗe da zama, Fulatanci ya tsere mana sai gaisuwa da sunayen shanu. Mahaifinmu ya rasu tuntuni, gandu da garke suna hannun yayana. Ni kuwa tun ina yaro kowa ya san ba a yi ni don fartanya ba. In aka tura ni kiwo, shanu na cikin gonar mutane, ni ina bakin hanya ina zuba da matafiya. Da aka zo neman yaron da za a kai elementare a Dutsin-Ma ba a yi doguwar shawara ba, ni aka miƙa, don ni ne wanda ba za a yi kewar aikinsa ba. Da na girma na auri Hajara, muka zauna a Dutsin-Ma, na shiga dillancin shanu a kara. Nan bakina ya yi mini rana, amma duk da haka ban taɓa wuce "ƙanen wane, malalacin nan" ba. Ko saniya goma na sayar a yini, in na je Tamawa sai an tambaye ni yaushe zan fara aiki.

Bayan samun mulkin kai ne wani bafatake ya fara tura ni rakiyar shanu Kurmi. Mu kora su Funtuwa, a loda a jirgin ƙasa, sai Badun. Ranar da na fara shiga Sabo, unguwar Hausawa ta can, wallahi sai na ji kamar an kwance mini ɗamara. Gari ne da ake cin abinci da baki da wayo, ba wanda ya duba tafin hannuna ya ga ko akwai kanta. Ga famfo, ga lantarki, ga asibiti kusa, ga makarantar da yara za su shiga ba tare da an ce ubansu ya lalace ba. Wani maigida a can ya ga yadda nake haɗa mai saye da mai sayarwa, ya ce in zan dawo da iyalina zai ba ni ɗaki biyu da wuri a kara. Wa zai ƙi? Na dawo gida ƙafafuna a Dutsin-Ma, zuciyata a Badun. Hajara ba ta musa ba, ta ce duk inda na sa ƙafa nan za ta sa. Saura Inna, mahaifiyata, don ba zan ƙetare Kwara da iyali ba tare da albarkarta ba.

A nan ne sai na yi muku bayanin Rabi. Ita ce 'yarmu ta fari, a lokacin shekararta shida, tana da ƙanne biyu maza. Da aka yaye ta aka kai ta wurin Inna kamar yadda aka saba, zama ya yi daɗi, ta ci gaba da zama can. Kun san kunyar ɗan fari, to a wajenmu ta fi ta ko'ina tsanani. Hajara ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce "ta wurin Inna". Ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarta, in ana hirarta sai ta tashi ta kama wani aiki. Wanda bai sani ba sai ya ce ba ta damu da ita ba. Ni na sani. Ba suna ko biki ko gaisuwar mutuwa da za a yi a Tamawa Hajara ba ta nemi zuwa ba, ko da na kishiyar kakar maƙwabta ne. In ta je sai ta tara 'yan matan gidan kaf ta yi musu kitso, yatsunta har su ƙage, don kawai layi ya zo kan Rabi a ƙarshe ta sa kanta a cinya. Na wasu ta gama shi da sauri, na Rabi sai ta tsefe ta sake, wai bai yi kyau ba. Duk ina gani, har tsokanarta nake yi a hanyar dawowa, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da na je wa Inna da maganar ƙaura, tana tsakar gida tana kaɗa nono. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ajiye maburgi, hawaye na zuba. Can ta ce ita ta san waɗanda suka tafi Kurmi da matansu, daga goron Sallah sai labari. Ta ce ubana ya tafi, ni zan tafi, yanzu kuma yarinyar da ke ɗebe mata kewa za a ɗauke. Ku lura, ba ta ce a bar mata Rabi ba. Ni ne dillalin da ya ga ciniki zai watse. A kara in mai saniya ya noƙe, kakan ja shi gefe ka faɗa masa abin da zai sanyaya masa rai, ka koma wurin mai saye ka faɗa masa nasa, su biyun ba sa haɗa baki sai ta kanka. Abin da na saba ke nan, kuma shi na yi wa uwar da ta haife ni. Na ce ai Hajara ta riga ta yanke, ta bar mata Rabi halak malak, har aure.

Inna ta ɗago ta dube ni. "Ita ta hwaɗi haka da bakinta?"

Na ce, "Da bakinta, Inna."

Ta share ido ta yi ta sa albarka, ni da Hajara da hanyar da za mu bi. Na hau kekena na koma Dutsin-Ma na ce wa Hajara Inna ta yarda, amma kada a yi mata ɗauka ɗaya, a bar yarinyar ta taya ta zama zuwa kaka, in an gama girbi zan zo in taho da ita. Hajara tana ninke kaya, ba ta juyo ba, ta ce to. Me za ta ce? Ta tambaye ni wane wata? Ta ce ba ta yarda ba, a ba ta 'yarta? Bakin da bai iya kiran sunan ba, ina zai iya wannan? Kuma na san ko shekara za su yi a ɗaki ɗaya da Inna, suruka da suruka, ba mai tayar da maganar 'yar fari. Da wannan na dogara. Kunyar matata na ɗauka na yi mata shinge da ita, ina sane, ba kuskure ba ne. Ranar sallama ta durƙusa gaban Inna kanta a ƙasa, Rabi na raɓe a bayan kakarta, ni ina tsaye a zaure. Ba wadda ta tayar da maganar yarinyar, muka tafi.

Badun ta karɓe mu, ba zan yi mata butulci ba. Na samu rufin asiri, yaran sun shiga makaranta, har Yarabanci suke yi da 'yan kasuwa. Ana kirana Malam wane da sunana, ba ƙanen kowa ba. Hajara ta yi ƙawaye, tana 'yar sana'ar fura. Amma tun da damina ta ɗauke ta fara bin labarin girbi. Duk baƙon da ya sauka daga Arewa, in ta aika masa da ruwa sai ta sa a tambaye shi ko an yanke gero a gida. In na shigo ta ce, "An ce har an kai dawa rumbu." Ni kuma in ce shanu sun yi tsada bana, ba zan samu hawa ba sai bayan Sallah. Bayan Sallah na ce Inna ba ta jin daɗi. Da wata kakar ta zagayo na ce hanya ba kyau. Na hau Arewa sau uku a tsakanin nan, kowane zuwa in tsaya Funtuwa ko Dutsin-Ma in gama sayayya in juya, in aika wa Inna goro da turmin atamfa ta hannun wani, don ba ni da idon da zan kalle ta. In na dawo Hajara ta leƙa bayana kafin ta dubi fuskata, sannan ta ce sannu da hanya, ta kawo ruwa. Ba ta taɓa tambaya ba. Ta rame, ta daina kitso gaba ɗaya, ko maƙwabta sun kawo 'ya'yansu sai ta ce hannunta na ciwo. Ni kuwa da ba na rasa abin faɗa a kara, a gidana na zama bebe. Wane irin mutum ne ke cin tuwon mace shekara biyu yana kallonta tana narkewa, alhali maganin na cikin bakinsa?

Wannan tafiyar da na yi yanzu, da safe ina ɗaure kaya, ta shigo da ƙunshi ta ajiye kusa da jakata. 'Yar riga ce da zane da ɗankwali, ta ce ta ƙiyasta tsawon ne da 'yar maƙwabta, sa'arta. Na ce to, zan kai. Na ɗauki jaka na kai bakin ƙofa, sai na ji ta riƙe gefen rigata. Ga maƙwabciyarmu a tsakar gida tana wanki, ga yara, duk suna ji. Ta ce, "Malam, ba kai mata za ka yi ba. Ka sa mata, ka taho mini da Rabi." Sai ta toshe bakinta da hannu ta shige ɗaki. Shekara takwas da haihuwar yarinyar nan, ran nan na fara jin sunan a bakin uwarta. Tun daga Badun har Zariya ina cikin jirgi maganarta na cikin kunnena. Na yi wa kaina alkawari wannan karon zan je Tamawa in faɗi gaskiya, duk abin da zai faru ya faru.

Shekaranjiya na je. Abin da ba wanda ya gaya mini, ko kuma aka gaya mini na ƙi ji, idon Inna ya tafi. Yanar ido ta rufe shi, sai haske da duhu take bambancewa. Matar yayana na da nata yara da aikin gandu. Rabi ce ke riƙe mata sanda, ita ke zuba mata ruwan alwala, ita ke juya ta ta fuskanci gabas. Inna ta shafa fuskata ta ce na yi ƙiba, Kurmi ta karɓe ni. Na buɗe baki zan fara, sai ta riga ni. Ta ce ba sallar da take idarwa ba ta yi wa Hajara addu'a ba. "Ɗiyar mutane ta ba ni idona tun kahin in rasa shi. Ka ce mata na gode, ka ce mata in na mutu ban da haƙƙin kowa a wuyana, don da yardarta na riƙe." Har ta sa aka kawo man shanu a ɗan tulu, wai a kai wa Hajara. Jama'a, ta ina zan fara? In ce Inna, albarkar da kika sa mini ta tafiya da ƙarya na karɓe ta, kuma haƙƙin da kike cewa babu, ni na ɗora miki shi? Na karɓi tulun na yi godiya.

Da yamma na samu Rabi a bayan gida tana ba 'yan maruƙa dusa. Na ba ta kayan, ta sa a kan na jikinta, rigar ta yi mata ɗan gajarta, ta fi 'yar maƙwabtan tsawo. Ta yi ta shafa ɗankwalin. Na ce mata uwarki ce ta aiko, ko kina son ki bi ni ki gan ta? Sai ta tambaye ni wa zai riƙe wa Inna sanda. Na ce za a samu. Sai ta ce, ba da fushi ba, kamar mai ba da labarin abin da kowa ya sani: "Ai ita ta ce a bar ni. Inna ta gaya mini, ta ce da bakinta ta ba da ni. In na je ma mi zan yi mata?"

Na zauna a kan turke. Ashe ƙaryar ba mata biyu na yi wa ba. Yarinyar nan shekara biyu ke nan tana kwana tana tashi da cewa uwarta ta ba da ita, uwar kuwa tana can tana auna rigarta a jikin 'yar wasu.

Yanzu ina Dutsin-Ma, a shagon wani abokina tela nake wannan rubutu. Shanu sun haɗu, bayan kasuwa za a kora su Funtuwa, kuma na san kafin amsarku ta fito watakila na isa Badun ko na ƙi isa. Duk da haka ku faɗa mini, don ba ni da wanda zan iya buɗe wa baki a garin nan. In na ɗauke Rabi na bar makauniyar uwata tana lalube, kuma sai ta san ɗanta ya yaudare ta. In na bar ta, da wace fuska zan shiga gidan da mace ta keta kunyarta a gaban mutane saboda ni? In tattara iyalin in dawo Dutsin-Ma, in watsar da abin da na je nema, shi ma sai gaskiyar ta fito ranar da Inna da Hajara suka haɗu. Malamai, iyaye mata, musamman ku da kuka san zafin ɗan fari, na san ni ne mai laifi, ba sai an tuna mini ba. Amma yarinyar nan tana jiran wanda zai ce mata uwarta ba ta taɓa ba da ita ba, kuma duk duniya ni kaɗai na san ƙaryar da aka yi mata. Me zan yi?

Naku,
Wani bawan Allah, Dutsin-Ma.