Yaya, hannunka ya dawo jikin Rakiya

Zuwa ga yayana Mamman, marigayi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce ƙanwarka Hadiza, daga Gidan Rumji. Ba ka san ni da rubutu ba. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin manya.

Maganar ɗiyata Rakiya ce, wadda ba ka ga haihuwarta ba. Hannunka ta ɗauko. Kai hula kake ɗinkawa, ita lalle take zanawa. Daga Cadakori har Gidan Sori amare na hawo babur saboda ita.

Ka tuna shekarar da ka kama ɗinki ba tsayawa? Fura ta yi tsami a gefenka, kana ta zuba zance kamar ana korar ka. Inna ta ce a kai ka wurin likita. Kawu Bala, mai kai hulunanka kasuwa, ya ce: "Baiwa ce, masu baiwa haka suke. A bari sai bayan salla." Bayan salla sai ga ka a turu. Ban ga ranar da Kawu ya kai maka ko ruwa ba.

Bara Rakiya ta fara irin naka. Na ɗauke ta a ɓoye zuwa Maraɗi, likita ya ba ta magani. Ta koma cin abinci, ta koma barci. Amma ta ce hannunta ya yi nauyi, zanen ba ya zo mata kamar da. Na duba, ba ƙarya take ba.

Yanzu an gama girbi, aure ya yi yawa, sai maganin ya ɓace daga cikin kwallata. Gwaggonta Asabe, mai kawo mata amare, ta ce kada in kashe wa yarinya baiwa. Kalmar Kawu ce, Yaya, har muryar. Ina zarginta. Ina zargin babanta, da ke tashi duk sanda na ɗauko zancen. Ita Rakiyar ma ban wanke ta ba.

Kai kaɗai ka san gaskiya, ɗan'uwana. Ciwon ne yake ba ka aikin, ko kuwa cinye maka shi yake yi? Ni dai hular da ta fi kyau da na gani a hannunka ta Baba ce, kuma lafiyarka lau ka yi ta, a hankali, kana tsokanata.

Na sake sayo maganin. Yana cikin lalitata, da hannuna nake ba ta, in ce ta ɗaga harshe. Jiya ta ce: "Inna, so kike in zama kamar kowa." Ban sauke hannuna ba sai da ta haɗiye.

Allah ya jiƙan ka, ya ba ka hutun da muka hana ka. Allah ya bar mini ita, ko da ba za ta yafe mini ba.

Ƙanwarka,
Hadiza