Takalmin Manaja da Gwangwanin Marigayi

Daga: Shugaban Masu Gauraya,
Sashen Shafen Daɓe.

Zuwa ga: Mai Girma Babban Darakta.

9 ga Mayu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HUKUNCIN KOMAWA GA TSOHON SINADARIN DASKAR DA IFOKSI

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin kawo kukana kan hukuncin da kwamitinku mai hangen nesa ya yanke ranar 6 ga wata.

1. Kamar yadda Mai Girma ya sani, ko aka taɓa gaya masa, ifoksi, wato fentin roba da muke shafe daɓe da shi, ba ya daskarewa sai an gauraya shi da wani sinadari. Tsohon sinadarin, na man fetur, ya yi wa kamfani hidima. Ni ma ya yi mini: ya tsattsage hannuwana har na koma cin abinci da cokali a gidana kamar baƙo, autata kuma ta daina yarda in ɗauke ta.

2. A watan Janairu aka kawo sabo, na man tsirrai. Ban ce ruwan sha ba ne, amma hannuwana sun fara warkewa.

3. A jikin durom an rubuta ɓaro-ɓaro cewa da sikeli ake auna shi. Sai dai mu a nan da gwangwanin marigayi mahaifinku, Allah ya jiƙansa, muke awo, mai zanen ƙusa a ciki da ke nuna iyakar awon. Mai Girma Manaja ya ce gwangwanin da ya gina kamfani ba zai yi ritaya saboda ganye ba. Na bi umarni, domin ni ba a ɗauke ni aikin tunani ba.

4. Ranar 2 ga wata Manaja ya jagoranci baƙi duba sabon daɓen ɗakin taro. Daɓen, da ya ƙi daskarewa, ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya riƙe masa takalmin hagu. Ya fito da safa.

5. Kwamiti ya zauna, ya wanke gwangwani tas, ya kama man tsirrai da laifi. An bar jaki ana dukan taiki. Yanzu an ce ranar Litinin mu koma ga tsohon sinadari. Ranka ya daɗe, tun da na ji haka tsoro ya kama ni, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Saboda haka ina roƙo da ƙanƙan da kai a janye hukuncin, a sayo sikeli, a sa gwangwanin a gilashi a ofishinku inda zai samu girman da ya cancanta ba tare da ya ƙara auna komai ba. Takalmin yana nan inda yake, ba mu taɓa shi ba, ko kwamiti zai so ya yi masa tambayoyi.

Idan kuwa hukuncin ya tabbata, ina roƙon Manaja ya biyo ni gida ya yi wa autata bayani da bakinsa. Jiya ta yi barci a hannuna.

Allah ya ƙara girma.

Naku mai biyayya,
Shugaban Masu Gauraya
(wanda aka fi sani da Mai Cokali)