Ƙarata a Kan Baturiya, Motar Baba

Litinin, 2 ga Oktoba, 1989

Ni, Munkaila Na'Allah, haifaffen Malbaza, mai riƙe da takardar lisansi a fannin shari'a daga jami'ar Yamai, na buɗe wannan kundi domin manufa guda: tattara hujjojin da zan gurfanar da kamfanin ƙera motoci na Bodiran, ta hannun wakilinsa da ke Yamai, bisa laifin sayar wa mahaifina abin da suka kira mota. Buƙatata a fili take. Su karɓi kayansu, su ba mu sabuwa.

Abar da ake ƙara a kanta akori-kura ce, irin wadda mutanenmu ke kira bashe. A da fara ce. Baba ya saye ta sabuwa shekaru goma da suka wuce, bayan ya bar tuƙin kamiyon siminti a izin, wato masana'antar garinmu, ya sa mata suna Baturiya. Babu wata bishiya mai inuwa tsakanin nan da Ƙonni da ba ta taɓa mutuwa a ƙarƙashinta ba.

Dalilin gaggawa kuwa: yanar ido ta rufe idanun Baba duka biyu. Likitocin ido baƙi za su sauka a asibitin Tawa na mako guda, an rubuta sunansa ranar Talata, ashirin da huɗu ga wata. In ya kuskure, ba wanda ya san ranar dawowarsu. Shi kuma ya kafe ba zai shiga motar kowa ba sai tasa. Ni ne direba, da parmin tuƙin da na samu bara.

Laraba, 4 ga Oktoba

Bincike. Na zo da ɗan littafin tarihin kamfanin daga Yamai, yau na karance shi a zaure.

Wanda ya kafa shi maƙeri ne, ƙafafun keken doki yake yi a wani ƙauye mai sanyi. Ɗansa ya ƙera motocin ɗaukar masu rauni lokacin yaƙi, har aka ba shi lambar girma. Jikansa ne ya ƙago bashe, ya rubuta a tallarta cewa an yi ta ne domin hanyoyin Afirka. Ina da yaƙinin bai taɓa ganin hanyar Alela da damina ba. Daga baya jikokin suka saɓa, aka sayar da rabin kamfanin ga wasu masu yin firji, aka daina ƙera irin tamu. Natija: gida ne da ya fara da daraja ya ƙare da sakaci.

Na ɗaga murya ina fassarawa da Hausa, wai don in ji daɗin jimlolin. Baba na zaune a kan tabarma jikin tayar gaba, inda yake wuni kullum. Da na kai wurin maƙerin sai na ji ya bubbuga ƙofar motar.

"Baturiya, ashe ɗiyar maƙera ce ke. Shi ya sa taurin kai."

Ban yi dariya ba. Batun na shari'a ne.

Asabar, 7 ga Oktoba

Ta mutu a gaban gidan waya. Mata masu tallar fura suka taya ni turi. Hujja ta ɗaya.

Laraba, 11 ga Oktoba

Gwajin tafiya zuwa Ƙonni, ranar kasuwa, ni da Baba.

Wani bayani da ya kamata ya shiga dosiye, wato kundin ƙara, ko da yake ban ga yadda zan fassara wa Bature shi ba. Ni ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa fuskantata ya yi mini magana ba, bai taɓa dubana ido cikin ido ba. Kunya ce, haka aka tarar. Tun da aka yaye ni yayarsa, Goggo Tsahara, ta ɗauke ni zuwa Badaguishiri, a ɗakinta na girma. In yana da saƙo gare ni, ƙannena ke kawowa. A jami'a na taɓa yin doguwar muhawara cewa wannan al'ada ce da zamani ya wuce. An tafa mini.

To yau babu ƙane a mota, gaba mutum biyu take ɗauka. Mun fita Malbaza kenan sai ya shafa gaban motar ya ce, "Baturiya, hwaɗa ma mai parmi shi rage wuta, ba gudun jandarma mukai ba." Na rage.

Kafin Tsarnawa lagireto ya tafasa. Muka zauna a gindin gawo muna jiran ta huce. Gero ya nuna ko'ina, ana ta girbi. Na ɗauka shiru za mu yi kamar kullum. Sai ya jingina da ita ya shiga yi mata hira. Ya tambaye ta ko gaskiya ne 'yan jami'a burodi da ruwan shayi kaɗai suke ci. Ya ce mata ya ji an ce wani ya rame. Ya ce in akwai wata yarinya a can Yamai, gara a faɗa da wuri, kada tsofaffi su je su yi magana a wani gidan su ji kunya.

Na rasa wa zan amsa wa. Na ce, cikin iska, babu wata yarinya. Ya ce wa motar, to madalla, amma ita ba ta yarda ba, ga ta tana huci.

Mun isa Ƙonni kasuwa ta kusa watsewa. Hujja ta biyu.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Barmo bakanike ya wuni a ƙarƙashinta. Ya canja fulogi, ya wanke lagireto, ya ce fambel ya tsufa amma irin nata ba ya samuwa ko a Sakkwato. Na tambaye shi ko zai iya ba ni tabbaci a rubuce cewa za ta kai Tawa. Ya ce rubutu ba ya iyawa, tabbaci kuma na Allah ne. Ya ƙara da cewa duk masu Bodiran da ya sani sun koma jaki, ban da Baba.

Na nemi ya zama shaida a kotu. Ya tambaya ko ana ba shaidu abinci.

Talata, 17 ga Oktoba

Na tsaya a gaban Baba na gabatar da dalilai a jere, cikin ladabi, kan wajabcin shiga motar tasha. Jawabi ne mai tsari, na kwana biyu ina shirya shi. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya juya ya ce wa Baturiya ta ji ana son a yi mata kishiyar tafiya, amma kada ta damu.

Na fita ban ci tuwo ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Goggo ta zo, da buhun albasa da bakinta. Tun daga ƙofa take kiran ina Alƙali, a fito a yanke mata hukunci. Ta ce na yi baƙi, wuyana kamar na zalɓe, boko ya shanye ni.

Na kai mata ƙarar ƙanenta. Ta bar ni na gama, tana ɓare gyaɗa. Ta ce tun suna yara Na'Allah ko wanzami ya gani sai ya shige rumbu. Wuƙar likita yake tsoro, kuma ba zai faɗa ba ko za a yanka shi. Ya san motarsa sarai. In ta mutu a hanya, ba shi ya ƙi zuwa ba.

Na ce to wannan yaudara ce bayyananna. Ta jefe ni da ɓawon gyaɗa.

"Uban naka kake kira mayaudari? Tsoro ne, Alƙali. Ba a koya muku shi ba a lakwal?"

Tambayar ba ta cikin batu.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Gobe. Na cika jarkoki da ruwa. Ban iya karatu ba yau.

Talata, 24 ga Oktoba, Tawa

Ina rubutu a kan benci a barandar asibiti. An shiga da shi. Bari in rubuta na jiya, hannuna ya samu abin yi.

Mun tashi da hantsi. Ta yi tafiya kamar ba ita ba, har na fara tunanin sassauta wasu kalmomi a takardar ƙara. Mun hango gangaren Badaguishiri, lambuna kore a ƙasa, sai na ji wani abu ya yi tas a gaba, ƙauri ya tashi. Fambel ya tsinke. Na gangara da ita gefen hanya.

Na gwada igiya. Na gwada tsumman rawani. Baba ya ce wa Baturiya a gwada robar taya, na gwada, ba ta yi ba. Rana ta take. Shi kuwa yana zaune a ciki, hannuwa bisa gwiwa, fuskarsa a sake irin yadda ban ga ta sake ba tun farkon wata. Ya ce wa motar ba komai, ta yi iyakar ƙoƙarinta, abin da Allah bai nufa ba ba ya yiwuwa.

Wajen la'asar kamiyon siminti ya tsaya. Direban, Mahamudu, yaron motar Baba ne a da. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce Tawa za shi, gaba babu kowa. Baba ya yi godiya, ya sa masa albarka, ya ce ba ya barin Baturiya ita kaɗai a daji. Mahamudu ya roƙa har ya gaji. Ya koma ya tayar da inji, amma bai tafi ba.

Na buɗe baki in kawo dalilai. Suna nan a kaina, a jere. Ko ɗaya bai fito ba. Na tsinci kaina na dafa murfin injin Baturiya da hannu biyu, da zafinsa, kamar mahaukaci, a gaban masu lambu da suka taru.

Na ce, "Baturiya, ki gaya wa mai ke, ni ma tsoro nake ji."

Na ci gaba, muryata ba irin ta muhawara ba. Na ce ta gaya masa zan tsaya a bakin ƙofa har a fito da shi. Na ce ta gaya masa na san ba ya dubana, kuma ban ce ya duba ba. Amma ina so ya zama shi ne ya ƙi duba don kunya, ba don ido ya hana ba.

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Inji na ta ruri a bayana. Sai na ji ƙofa ta buɗe. Baba ya sauko yana lalube, ya shafa ta tun daga madubi har fitila.

"Ki jira nan. Goggo ta aiko a dube ki. Ba mu daɗewa."

Ya miƙa hannu cikin iska. Na matsa. Ya dafa kafaɗata, muka taka zuwa kamiyo. Nauyinsa bai kai yadda nake zato ba.

Wannan ba ya cikin hujjoji. Ban san me ya sa na rubuta shi ba.

Laraba, 25 ga Oktoba

An yi idon dama. Likita ta ce aiki ya yi kyau, sai an kwance bandeji a gani. Na kwana a ƙasa gefen gadonsa.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Wuni biyu ba mu ce wa juna komai ba. Ba fushi ba ne. Babu wanda za a aika. Na ba shi kunu, ya sha. Da yana son buta sai ya gaya wa maƙwabcin gadonsa, wani Buzu da ba ya jin Hausa sosai, cewa da za a samu buta da an gode.

Sau ɗaya ya yi gyaran murya kamar zai ce wani abu, ya shafa ƙarfen gado, ya fasa. Ƙarfen gado ba shi da suna.

Asabar, 28 ga Oktoba

An kwance. An sa masa tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Likita ta ɗaga yatsu, ya faɗi adadinsu daidai, ya ƙara mata da cewa zobenta na azurfa ne. Da na shigo ya sunkuyar da kai yana duban tafin hannunsa. Na fita baranda. Ƙura ce ta shiga idona, asibitin ba a share shi da kyau.

Litinin, 30 ga Oktoba, Badaguishiri

Mahamudu ya sauke mu. Goggo ta sa an turo Baturiya har ƙofar gidanta, an rufe ta da zana, kaji sun mai da bayanta gida.

Baba ya zagaya ta a hankali. Ya ce mata ashe haka ta tsufa ba wanda ya gaya masa. Ya shiga ya zauna a wurin direba, ya riƙe sitiyari. Ni ina tsaye a baya ina kwashe zana. Na ga ya kai hannu ya gyara madubin gefe, ya sake gyarawa. Na ɗaga kai, sai ga ƙaton idon nan na cikin tabarau a madubi, a kaina. Bai kawar ba. Ni ma ban motsa ba, da zana a hannu.

"Baturiya," ya ce, "ashe ya yi gemu. Kuma goshin tsohona ne sak. Ke da kike ganinai kullum, ba ki hwaɗa mini ba."

Goggo ta ce in mun gama soyayya da ƙarfe, tuwo na hucewa.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Na rubuta wa wakilin Bodiran. Bayan nazari mai zurfi na janye batun musanya, bisa dalilai na dabarun shari'a zalla: sabuwar mota gaba mutum uku take ɗauka, kuma ba a san halinta ba. Barmo ya ce na yi laushi. Bai san doka ba.

Na bayyana musu cewa motarsu ba abar dogaro ba ce, kuma ban janye ko kalma ɗaya daga wannan ba. Abin da nake nema shi ne fambel irin nata, guda biyu, ko daga wane ɗakin ajiya za su tono shi. Akwai idon hagu da za a yi in likitocin sun dawo, akwai kuma wata magana game da wata yarinya a Yamai da nake so in gaya wa motar, a hanya, inda babu ƙannena.

Ina buƙatar amsarsu a rubuce, da sa hannu da hatimi, kafin ranar Alhamis, talatin ga Nuwamba.