Manhajata ta mai da "ɗanka" ya koma "Wanka"

Assalamu alaikum Malam mai shafi da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku tsine mini.

Ni mai rubuta manhajar kwamfuta ne a Birnin Kudu. Ni na haɗa wa wani asibitin kuɗi manhajar da ke tura wa dangin marasa lafiya saƙon tes. Na'urar turawar tsohuwa ce, bayit ɗaya (ma'aunin gurbin da harafi ke ci a kwamfuta) take karɓa a kowane harafi, alhali haruffanmu masu lanƙwasa bayit biyu suke ci. Don ina sauri, sai na sa manhajar ta riƙa yanke rabi ta yar, ban ko gwada ba. Ashe in aka yanke ƙaramin ɗ, abin da ke saura W ne.

Rannan aka kawo wani saurayi ɗan Kwandiko ya yi hatsarin babur, ana neman jini. Aka kira mahaifinsa, kira bai shiga ba. Ma'aikaciyar da ke tura saƙo, bari in kira ta Saratu, ta rubuta: "Malam, ɗanka yana asibitinmu rai a hannun Allah, ka zo." Shi kuwa "Wanka" ya gani, kuma ya daɗe yana gaba da wansa kan gonar gado. A gaban jama'a ya ce, "Ya mutu mana, ni na haife shi?" Ya koma gona. Kafin a je a same shi yaron ya cika.

Kallo ɗaya na yi wa saƙon na gane aikina ne. Kun san me na yi? Na gyara manhajar a ɓoye, na goge asalin saƙon, ranar da asibitin ya yi zaman bincike na gwada a gaban kowa ya fito daidai. Saratu tana kuka ta ce, "Yaya, wallahi ɗ na danna." Na dube ta na ce, "Na'ura ba ta ƙarya, yatsunki ne." Aka kore ta. Mahaifin yaron ya bi ta har gida ya tsine mata a gaban iyayenta. Wane irin mutum ne ni?

Makon jiya muka haɗu a kasuwa, duk ta rame. Ta rusuna ta ce, "Yaya, ka yafe mini musun da na yi maka. Na yi ta tunani, ni ce na kashe shi." Ni kuma na buɗe baki na ce, "Na yafe miki."

Jama'a, me zan yi?