Ba Hankalina Ne Ya Gushe Ba

Zuwa ga 'yata Doreen Nampijinpa, a Adelaide.

Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Ubangiji takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yaran duka. Mu nan mun gode Allah. An yi ruwa sau biyu, damo ya fara fitowa, ƙanwarki Coral kuma ta samu aikin girki a makaranta. Marlene ta ɗakin zane ce take rubuta min, na ce mata abin da ya fito bakina shi za ta sa, kar ta gyara.

Doreen, tsoro nake ji. Tun faɗuwar da na yi a bakin famfo na bugu a ka, nas ta ce sai an gwada ko hankalina yana tsayawa wuri ɗaya. Ran Talata wata likita Baturiya ta sauka a jirgi, yarinya ce mai fara'a. To Beryl da take mana tafinta ta tafi zaman makoki can arewa. Sai suka kirawo wanda ke jan motar asibiti, don yana jin Turanci. Mijin Coral. Surukina. Ke kin sani, ko sunansa ba na kamawa, in na hango shi a hanya ratsewa nake, shi ma haka. Shekara goma sha tara ba mu taɓa haɗa inuwa ba, sai ga mu a ɗaki ɗaya an ja ƙofa.

Na juya fuskata bango na ja bargo na rufe kai. Shi kuma bawan Allah ya fuskanci ƙofa. Likita ta ce za ta karanto lambobi ya riƙa maimaitawa da harshenmu, duk sanda na ji biyar in buga tebur. Na ji su sarai, Doreen. Sau bakwai ya ce biyar, ina ƙirgawa a zuci. Amma in na buga, ai na amsa masa ke nan. Hannuna ya ƙi tashi. Ta ce in faɗi wasu lambobi daga ƙarshe zuwa farko, na ƙara jan bargona. Ta turo takarda cike da ƙananan zane wai in tsamo taurari, ita ma ban taɓa ba, tunda ta bakinsa maganar ta biyo. Ni da nake wuni ina ɗiga fenti ɗigo-ɗigo ban ɓata layi ba, tauraro ne zai gagare ni?

Ina jin alƙalaminta yana ta tafiya. Daga baya nas ta gaya wa Coral an rubuta wai ba na iya tattara hankali, ban ma san ana min magana ba. Ban ga laifin yarinyar ba, baƙo ko da ido makaho ne. Coral ta je ta yi bayani, aka ce takarda ta riga ta bi jirgi, kuma wai dama dangi sun saba rufa wa tsofaffinsu asiri. Likitar za ta dawo ran sha huɗu ga wata. In aka sake samun haka, gidan tsofaffi na Alice Springs za a kai ni.

Kin tuna tsohuwar nan ta gidan gabas da ba a faɗin sunanta yanzu tunda ta rasu? Da ƙafarta ta shiga motar zuwa gidan tsofaffin nan, a akwati aka dawo mana da ita, ba ta ƙara ganin duwatsun ubanta ba. Ko mota na ji ta tsaya sai in ce ni aka zo ɗauka. Ƙawata Mavis kuwa sai tsiya take min, wai in tafi mana, can shayi sau biyar ake bayarwa, karnukana ma sa huta da masifata. Na ce mata ita za a fara ɗauka, mai neman tabarau yana kan hancinta. Mun yi dariya, amma ranar ko wutsiyar kangaru da aka gasa ban iya ci ba.

Beryl ba za ta dawo ba sai an tashi makoki, wata biyu ko fiye. Coral tana kuka tana cewa in daure in buga teburin sau ɗaya tak, ba wanda zai sani. Na ce mata ni zan sani, shi ma zai sani. Don Allah ki nemi izini wurin aiki ki hawo mota. Ke kika yi boko, bakinki suke ji. Ki zauna kusa da ni ki faɗi lambobin nan da muryarki, ki ga yadda zan fasa musu tebur.

Ki gaishe min da Tyrell da Shania, ki ce kakarsu tana cigiyarsu. Kawunki Clarrie da Mavis da Coral duk suna gaishe ki. Ki iso kafin sha huɗu, Doreen. In suka sake zaunar da shi a ɗakin nan, na san kaina, bango zan kalla.

Ni ce uwarki,
Elsie Nungarrayi