Salatif a Kan Jar Fitila

Litinin, 3 ga Maris
Saƙo daga kamfanin da ya ƙera na'urar rumbun ajiyarmu ta kwamfuta: faya-fayan ciki suna da matsala, da zarar sun cika awa dubu arba'in suna aiki sai su mutu, sai dai in an sabunta manhajarsu. Namu duk rana ɗaya aka kunna su. Na lissafa, saura kwana goma sha ɗaya. Shirye-shiryen gidan rediyon nan na shekara talatin suna ciki, kuma ba mu da cikakken kwafi a ko'ina. Na kai wa Baba Injiniya, shi da ya kafa na'urar. Ya ce, "'Yata, bari mu gani." Mu ga me?

Laraba, 5 ga Maris
Yau ma "bari mu gani". Ya wuni yana goge ƙurar fanka. Wallahi tsohon nan zai sa mini hawan jini.

Alhamis, 6 ga Maris
Aikin ba wuya. Na'urar nan ƙwaƙwalwa biyu gare ta, a sabunta ɗaya, ɗayar ta riƙe aiki, sannan a bi faya-fayan ɗaya bayan ɗaya. Na zana masa a takarda kamar ba shi ya koya mini ba. Ko kallo bai yi ba. Ina jin baƙin ciki yake yi mace ta riga shi gani.

Juma'a, 7 ga Maris
Na tsuguna bayan na'urar ina bin wayoyi, sai na ga baƙin salatif manne a wani wuri. Na ɓare. Jar fitila! Ƙwaƙwalwa ta biyu ta mutu, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Da na danna sabuntawa jiya, da komai ya tsaya cak. Ba wanda zai manna salatif ɗin nan sai Baba. Na rubuta wa manaja takardar ƙararsa, tana cikin jakata.

Litinin, 10 ga Maris
Na tare Baba da maganar salatif. Bai musa ba. Ya buɗe kabad, ga sabuwar ƙwaƙwalwa a kwalinta, wata biyar da zuwa. Ya ɗauki sukudireba ya nuna mini, bakinta sai kaɗawa yake saboda rawar hannunsa. "Sau uku ina gwadawa. Tsoro nake in lanƙwasa mata haƙora." Na ce me ya hana ya gaya mini? Ya ce, "In ce miki me, na ƙare?"
Sai yanzu na tuna ya daina shan shayi a gabanmu. Na ji kunya ƙwarai.

Talata, 11 ga Maris
Mun sa ta. Hannu nawa, baki nasa. "A hankali, kar ki tura sai kin ji ta zauna." Da ni kaɗai ce da na tura da ƙarfi, wannan kam gaskiya ne.

Laraba, 12 ga Maris
Faifai ashirin da huɗu, kowanne minti goma, muna zaune cikin sanyin ɗakin na'urar. Fitilunsu duka sun dawo kore. Manaja ya leƙo yana tambayar abin da ya jawo jinkiri, na ce kayan gyara muka tsaya dubawa.
Da za mu tashi Baba ya miƙo mini makullin ɗakin. Shekara biyu ina hanƙoron makullin nan. Na ce ya riƙe, ni yawan yar da abu gare ni. Ban taɓa yar da ko allura ba, shi ma ya sani. Ya daɗe kafin ya iya mayar da shi aljihu, ni kuwa na tsaya ina ta gyara igiyar takalmina har ya gama.